Tunkiya Ta Haihu Hantsa A Bushe: Gyara Kan Shawarar "A Yi Mata Allura"

Duk wanda ya yi darasin bayoloji a sakandare ko a shekarar farko ta jami'a ya haddace layi biyun nan: furolaktin ne ke sa jiki ya haɗa nono, oksitosin kuma shi ke sa nonon ya fito. Ana rubuta su a allo, a kawo su a jarrabawa, a ba da maki biyu. Babu ƙarya a cikinsu. Damuwata ita ce sun fita daga aji sun shiga garke, kuma a garke 'ya'yan tumaki ake asara. Leƙa zauren masu kiwo na WhatsApp ko Facebook, ka jira wani ya rubuto cewa tunkiyarsa ta haifi biyu amma hantsarta a bushe. Kafin a tambaye shi me take ci a watan da ya wuce, wani ya riga ya amsa masa: "A yi mata oksitosin." Sau da yawa mai amsar ɗan boko ne irinmu, kuma daga layi biyun can ya ɗebo ƙarfin gwiwarsa.

Bari mu fara da ainihin aikin oksitosin ɗin, don daga nan kuskuren yake tasowa. Hantsar tunkiya ɓangare biyu ce, kowane ɓangare da kan nononsa. A can sama akwai dubban 'yan jakunkuna ƙanana waɗanda ido ba ya gani, a cikinsu ake haɗa nono ɗigo-ɗigo daga abin da jini ya kawo. Kowace jaka tana lulluɓe da wasu ƙwayoyin halitta masu iya tsukewa, kamar yatsu sun riƙe lemo. A ƙasa kuma, dab da kan nono, akwai wani fili mai kama da randa inda nono ke taruwa. Idan ɗa ya kama nono ya fara tunkuɗar hantsa, saƙo ya bi jijiya ya kai ƙwaƙwalwa, sai wata 'yar tsoka da ke maƙale a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, wadda ake kira fituwitari, ta sako oksitosin cikin jini. Ya isa hantsa, yatsun nan su matse, nono ya gangaro randa. Cikin 'yan mintuna jiki ya kawar da shi. Aikinsa ke nan a hantsa: matsa. To idan ka matse busasshen soso, me zai ɗigo?

Sinadarin ɗan ƙarami ne ƙwarai, shi ya sa Vincent du Vigneaud ya iya haɗa shi a ɗakin gwaji tun 1953, har ya samu kyautar Nobel a 1955. Shi ya sa kuma yake da araha, ana samunsa ko'ina. Arahar tasa na daga cikin abin da ya jawo mana wannan hali.

Gaskiya allurar tana da wurinta, kada a ce na yi mata ƙage. Akwai lokacin da hantsa take cike tam amma uwar ta riƙe nonon, galibi saboda tsoro, ko zafin ciwo, ko baƙon wuri, musamman mai haihuwar fari. A 1941 wasu masu bincike biyu a Amurka, Ely da Petersen, sun nuna haka da wani gwaji mai ban dariya: suka ɗora wa saniya kyanwa a gadon baya, suna ta fasa jakunkunan takarda kusa da ita. Nono ya ƙi saukowa. Tsoro yana hana sakin oksitosin, yana kuma tsuke hanyoyin jinin da zai kai shi hantsa. A irin wannan hali likitan dabbobi zai iya yin allurar sau ɗaya, ta yi aiki. Amma ka lura, a nan nonon yana nan, hanya ce ta toshe. Kuma sau da yawa korar yara da kare daga wurin, da barin tunkiyar ta natsu da ɗanta, ya wadatar.

Shi kuwa mai tambaya a zauren can, hantsar tasa tunkiyar a saɓe take kamar tsohuwar jaka. Idan aka yi mata allurar, ɗan abin da ya taru a jakunkunan sama zai gangaro, ya tatsi cokali biyu ko uku, ya ce Alhamdu lillahi magani ya ci. Wannan ɗan nasarar ita ce haɗarin. Ya tafi harkarsa da kwanciyar hankali, alhali lokaci na ƙure wa ɗan tunkiyar. Mabiyiyar tumaki ba ta barin garkuwar jikin uwa ta tsallaka zuwa ga ɗa yana ciki, ba kamar ta mutum ba. Ana haifarsa ne tsirara ta fuskar kariya daga cuta, kuma duk abin da zai samu a daƙashi yake, wato nonon farko mai kauri, mai ɗorawa-ɗorawa. Hanjinsa yana iya tsotse wannan garkuwa sosai a awannin farko, ƙarfin yana raguwa da sauri, zuwa kusan awa 24 ƙofar ta rufe. Ma'aunin da likitocin dabbobi ke amfani da shi shi ne kimanin mililita 50 a kan kowane kilo na nauyin ɗan a shan farko, da kimanin mililita 200 a kan kowane kilo cikin yinin farko. Ɗa mai kilo uku ke nan yana bukatar fiye da rabin lita. Cokali uku ba su kai ko'ina ba. Abin da ya kamata a faɗa wa mutumin nan da gaggawa shi ne ya nemo daƙashi daga wata tunkiya ko akuya da ta haihu a ranar, ya ba ɗan yanzu-yanzu, sannan a dawo kan uwar.

Akwai wasu illolin kuma da masu ba da shawarar ba sa ambata. Oksitosin yana matse mahaifa kamar yadda yake matse hantsa. Asalin sunansa ma daga Girkanci ne, ma'anarsa haihuwa da sauri. Idan da sauran ɗa na biyu a ciki kuma ya zo a karkace, ko bakin mahaifa bai gama buɗewa ba, allurar tana iya fasa mahaifar. Idan hantsa ta kumbura ta yi zafi ta yi tauri, ciwon hantsa ne, ƙwayoyin cuta ne suka shiga, matsa ba ta kashe su. Wani lokacin ma wani ɗan danƙo ne kawai ya toshe kan nonon, da yatsa biyu za a fitar da shi. Sannan maganin ba ya jure zafi, a firji ake so a ajiye shi tsakanin digiri 2 zuwa 8. Wani bincike da aka buga a 2018, wanda aka yi tare da hukumar NAFDAC, ya gwada allurar oksitosin ta mutane daga sassan Najeriya, aka tarar kusan uku cikin huɗu ba su cika ma'auni ba. Wannan fa wadda ake yi wa mata masu haihuwa ce. Sai ka ƙiyasta kwalbar da ta yi wata uku a kan tebur a kasuwar dabbobi, a cikin zafin watan Afrilu.

To ina nonon ya maƙale? Amsar tana can baya, a makonnin da ba wanda ya kalli tunkiyar. Cikin tunkiya wata biyar ne, kwana 147 ko kusa da haka. Kusan kashi 70 cikin 100 na girman ɗan yana faruwa ne a makonni shida zuwa takwas na ƙarshe, kuma a daidai wannan lokacin ne ake gina mafi yawan jakunkunan nan na hantsa. Masu ginin sinadaran homon ne da yawa suna aiki tare: istirojin, furojestaron, furolaktin, homon ɗin girma, da wani wanda mabiyiya ke fitarwa musamman don hantsa. Idan 'yan biyu ne a ciki, mabiyiyar ta fi girma, wannan homon ya fi yawa, hantsar ma ta fi ginuwa. Wato tun ɗan yana ciki yake aiko wa hantsa saƙon yawan bakin da za ta ciyar. Yawan jakunkunan da aka gina a lokacin shi ke yanke iyakar nonon da za a samu bayan haihuwa, kuma babu allurar da za ta gina a yini ɗaya abin da aka kasa ginawa a mako shida.

Babban abin da layi biyun can suka tsallake shi ne furojestaron. Shi ne homon ɗin da ke riƙe ciki, kuma a tunkiya mabiyiya ce ke karɓar aikin samar da shi tun daga wajen kwana na 50 zuwa 60. Yana taimakawa a gina hantsa, amma kuma shi ne birki: muddin yana da yawa a jini, hantsa ba za ta fara zubo nono gadan-gadan ba, ko da furolaktin ya cika jinin. Sai ya faɗi tukuna. Wa ke sa shi faɗuwa? Ɗan da ke ciki. Graham Liggins, wani likita a ƙasar Niyu Zilan, ya nuna a shekarun 1960 cewa idan ɗan tunkiya ya ƙosa, jikinsa ne ke fitar da kotisol, wanda ke sa mabiyiya ta daina sakin furojestaron ta koma yin istirojin. Birki ya saki, naƙuda ta taso, furolaktin ya yi tsalle, nono ya fara. Af, daga wannan aiki na tumaki ne Liggins ya gano cewa irin wannan sinadari yana nunar da huhun ɗan tayi, har aka kai ga allurar da ake yi wa mata masu shirin haihuwar bakwaini tun bayan gwajinsa na 1972. Wannan labari ne na wata rana.

Nan ne yunwa ke shigowa, kuma nan nake so mai karatu ya ɗan tsaya. Hanta ce ke share furojestaron daga jini. Tunkiyar da ke cin abinci sosai, jini yana gudana ta hantarta da yawa, sai homon ɗin ya share da wuri. Wadda ke fama da yunwa kuwa, nata yana jinkirin sauka. Sai ta haihu birki bai gama saki ba. David Mellor da abokan aikinsa a cibiyar Moredun da ke Edinbura sun nuna wannan a tsakiyar shekarun 1980, da tumakin tsaunukan Sikotilan masu ɗauke da 'yan biyu: waɗanda aka rage wa abinci a ƙarshen ciki hantsarsu ba ta ginu sosai ba, daƙashin da suka samar a awannin farko ya ragu ƙwarai, furojestaron ɗinsu kuma ya yi jinkirin faɗuwa. Ga kuma dalili na biyu. Yawan nono ya dogara ne da sukarin da ke cikinsa, laktos, domin shi ke jawo ruwa zuwa cikin jakunkunan. Da gulukos ake yin laktos. Dabba mai tuƙa kuwa kusan ba ta samun gulukos kai tsaye daga abinci, hantarta ce ke ƙera shi daga abin da ƙwayoyin tumbi suka narkar, kuma abinci mai sitaci, irin su masara da dawa da dusa mai kyau, shi ya fi ba da kayan wannan ƙira. Babu gulukos, babu laktos. Babu laktos, babu ruwa. Sai daƙashin ya zo ɗan kaɗan, mai kauri kamar danƙo, wanda ɗa mai rauni ba zai iya zuƙowa ba. Georgget Banchero, wata mai bincike 'yar Urugwai, ta nuna tare da abokan aikinta a 2004 cewa ƙara wa tumaki ɓarzajjiyar masara a makon ƙarshe kaɗai na ciki ya ƙara yawan daƙashinsu sosai, ya kuma tsinka shi. Mako ɗaya fa. Sai dai a kula, hatsi a hankali ake sabar wa tunkiya, ana ƙarawa kaɗan-kaɗan. Idan aka tula mata rana ɗaya tumbinta zai yi tsami, abin da kan iya kashe ta.

Abin tausayin shi ne mai 'yan biyu, wadda ta fi kowa bukata, ita ce wadda cikinta ya fi matse tumbi, har ba ta iya cin busasshiyar ciyawa da yawa. Dole abincinta ya zama kaɗan mai ƙarfi.

Yanzu ga furolaktin, rabin farko na haddarmu. Maganar cewa shi kaɗai ke riƙe da samar da nono ta fi dacewa da ɓera da zomo da mutum. A jikin waɗannan idan aka danne shi nono yakan kafe. Dabbobi masu tuƙa ba haka suke ba. A shekarun 1960, Alfred Cowie da abokan aikinsa a wata cibiyar binciken madara kusa da garin Reading a Ingila sun cire wa akuya mai shayarwa fituwitari gaba ɗaya. Nono ya faɗi warwas. Ba su iya maido da shi yadda yake ba sai da suka haɗa mata abu huɗu: furolaktin, homon ɗin girma, homon ɗin maƙoshi, da dangin kotisol. Da nonon ya dawo, suka janye furolaktin, bai sake faɗuwa ba. A zomo kuwa furolaktin shi kaɗai ya isa ya maido da nono. Da akuya aka yi gwajin, amma tsarin ya fi kusa da na tunkiya nesa ba kusa ba a kan na ɓera. A dangin masu tuƙa, furolaktin ya fi muhimmanci wajen gina hantsa da kunna nono a kwanakin haihuwa. Bayan nan homon ɗin girma ne ke ɗaukar babban kaso, ta hanyar karkatar da abincin jiki zuwa hantsa. Ba na so in wuce gona da iri a nan: aikin da Pierre Lacasse ya jagoranta a Kanada wajen 2011, da wani sabon magani mai danne furolaktin, ya nuna cewa nonon shanu yana raguwa idan aka danne shi, don haka yana da hannu har a tsakiyar shayarwa. Amma hannu ɗaya ne cikin hannaye da yawa. Kuma kada wani ya ji homon ɗin girma ya ce to ga sabuwar allura. An yi ta don shanu, Amurka ta amince da ita a 1993, Tarayyar Turai ta hana, kuma ko a inda ake amfani da ita aikinta karkatar da abinci ne. Sai da abincin za a karkatar.

Akwai kuma wani iko da ba ya bi ta jini ko kaɗan. A 1971 Jim Linzell da Malcolm Peaker sun riƙa tatsar ɓangare ɗaya na hantsar akuya kowace awa, suka bar ɗayan. Ɓangaren da ake yawan tatsa ne kawai ya ƙara nono, alhali jini ɗaya ne da homon iri ɗaya ke zagaya duka biyun. Nonon da ya kwanta a hantsa shi da kansa yake gaya mata ta rage aiki. Ma'anar wannan a garke mai sauƙi ce: ɗan da ya yi rauni bai sha ba yana rage nonon uwarsa, nonon ya ragu ya ƙara masa rauni. Kama shi a sa masa nono a baki, ko a tatsi uwar da hannu sau da yawa a yini a ba shi, ya fi kowace kwalba amfani. Shi ya sa kuma tunkiya mai shayar da biyu take fin mai ɗaya nono.

Wani lokaci kuma ana ba da shawarar allurar don tunkiyar da ta ƙi ɗanta, wai ai oksitosin shi ne "homon ɗin soyayya". Wannan ma rabin karatu ne. Gaskiya ne binciken Keith Kendrick da Barry Keverne a Kambirij, a shekarun 1980, ya nuna cewa fitowar ɗa ta hanyar haihuwa tana sa a saki oksitosin a cikin ƙwaƙwalwar tunkiya, shi ke sa ta fara lasar ɗan, ta haddace warinsa cikin 'yan awanni, daga nan ta tunkuɗe duk wani baƙo. Amma a cikin ƙwaƙwalwa abin ke faruwa. Da suka zuba shi a ƙwaƙwalwa halin uwa ya bayyana, da suka yi ta jijiyar jini bai bayyana ba, saboda akwai shingen da ke hana shi tsallakawa. Allurar cinya ba ta kai can. Abin da ke aiki shi ne a keɓe uwa da ɗa a ɗan ƙaramin wuri, kada a wanke ɗan, kada a yi ta ɗaukarsa ana nunawa.

Tumakinmu, 'Yanƙasa da Uda da Balami, don nama ake kiwonsu. Ba mu tatsarsu don yin cuku irin na Faransa ko Girka, saboda haka ba wanda ke auna nononsu a kofi, ba wanda ke lura ya ragu sai ɗa ya kwanta. Nan ne ma nake ganin laifin namu na masu bayani ya fi girma: mun bar mai kiwo yana ɗaukar nono a matsayin abin da ke farawa ranar haihuwa. Duba yadda ake raba abinci a gidaje da yawa idan Babbar Salla ta gabato. Ragon layya yana ɗaure a inuwa, ga dusa, ga harawa, ga angurya, ga kanwa a ruwa. Tunkiyar da za ta haifi ragon baɗi kuwa tana yawo a bola da cikin wata huɗu, musamman idan abin ya faɗo a bazara, lokacin da ciyawa ta ƙare kuma harawa ta yi tsada. Ba sai an kai ta matsayin ragon ba. A riƙa lura da ranar da aka yi mata barbara a ƙirga wata uku da rabi, daga nan a ware mata nata kason na dusa da harawar wake ko ta gyaɗa, da 'ya'yan gawo inda ake samu, ana ƙarawa sannu a hankali har ta haihu, da ruwa isasshe. A shafa bayanta da hannu a ji ko ƙashin ya fito, don gashi yana ɓoye rama. A duba hantsar a makon ƙarshe: idan ba ta fara cika ba, a san da wuri cewa za a bukaci daƙashin aro, a nemi maƙwabcin da akuyarsa ko tunkiyarsa ke dab da haihuwa tun kafin ranar ta zo.